Fetur mara dalma ko mara guba? Mu tsayar da kalma ɗaya

Jiya ina fassara wani bayani kan yadda masu tsofaffin motoci a Ingila ke fama tun da aka daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2000, sai na cije a kan kalmar "unleaded". Na tambayi 'yan uwa, amsoshi suka rabu gida biyu: "mara guba" da "mara dalma".

Na gane inda masu "mara guba" suka dosa. Tun bala'in Zamfara na 2010, da dalmar wurin haƙar zinare ta kashe ɗaruruwan yara, kunnenmu ya saba da "gubar dalma" a rediyo, har kalmomin biyu suka zama kamar tagwaye. Amma ban yarda ba. Cire dalma bai mayar da fetur ruwan sha ba, kuma in muka rubuta "mara guba" a gidan mai, wani zai ɗauka ba laifi ya zuƙe shi da tiyo. "Mara dalma" ta faɗi abin da aka cire, ba ta ƙara alkawari ba. Ni a nan na tsaya.

Wani malaminmu ya ce, "Ɗana, a garinmu darma muke cewa." Allah ya ƙara wa Malam lafiya, duka biyun Hausa ne. Na zaɓi dalma ne don ita jaridu suka fi bugawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikin injin. Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano a 1921 cewa sinadarin dalma na hana injin ƙwanƙwasa. Daga baya aka lura da wani amfanin: tana barin ɗan shafi a bakin ramin da bawul ɗin hayaƙi ke rufewa, kamar matashi. Motoci irin su Morris Minor da MGB, masu kan injin baƙin ƙarfe, da wannan shafin suka rayu. Da aka cire shi, bawul mai zafi ya riƙa dukan ƙarfe tsirara yana cin wurin kaɗan-kaɗan, musamman a doguwar tafiya da gudu, har ya nutse ya daina rufewa da kyau.

Na kai wa wani dattijon bakanike wannan bayani. Ya saurara, ya ce, "Yaro, ai mazauninsa ne ya cinye." Shi ke nan, Baba ya gama mana aiki: mazaunin bawul, cinyewar mazauni. Na so in ce "zaizaya", amma ita ta fi kama da aikin ruwa a gefen kwazazzabo.

Maganin iri biyu ne. Ko a huda a dasa mazauni mai tauri, ko a riƙa ɗiga wani ruwa a tanki duk shan mai. Wannan ruwan na kira shi "madadin dalma". Kowa ya amince, ban da mutum ɗaya da ya ce "magajin dalma", wadda ta yi daɗi a baki amma sai ka ce sarauta ake naɗawa.

Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta bar fetur mai dalma, a 2021, don haka gobe sabbin kalmomi za mu buƙata. Akwai feturin da ake ƙerawa daga ruwa da iskar kabon, irin wanda kamfanin motoci na Porsche ya sa hannu a masana'antarsa a Chile a 2022. An ba ni "man haɗi". Duk wanda ya tuna gurɓataccen man da ya lalata motoci a Najeriya a Fabrairun 2022 ba zai bari a zuba masa abu mai wannan suna ba. "Ƙerarren fetur" nake riƙe da ita yanzu, duk da tana ɗan yi wa harshe nauyi. Kanikawa da direbobin tasha, ku me za ku kira shi?