Neman shawara: bindigar iskata ta daina riƙe saiti

Mai tambaya, daga Funtuwa:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena maharba. Ina neman shawararku a kan wata bindigar iska mai arha da na saya wata huɗu da suka wuce, irin wadda ake karya bututunta kafin a ɗana ta, mai cin harsashin dalma na milimita 4.5. Na saye ta ne saboda hasbiya da kurciya da ke sauka a masussukarmu, da kuma gafiyar da ta addabi rumbun mahaifina. A makonnin farko, da saitin ƙarfen da ta zo da shi, nakan sami murfin kwalba daga taku goma sha biyar kusan duk harbi. Da na ga haka sai kwaɗayi ya ja ni, na karɓi tsohon madubin saiti a wurin wani abokina na ɗaura mata, kuma tun daga ranar ban sake jin daɗinta ba, domin abin da na saita da safe, kafin la'asar ya koma wani wuri dabam.

Jiya na kafa kwali a nisan mita 20, na kifa turmi na ɗora ta a kai don kada hannuna ya yi rawa, na danne ta sosai, na yi harbi goma, amma suka watsu fiye da faɗin tafin hannuna, galibinsu sama da ƙasa. Na kuma ɗiga mata man inji ta ƙaramin ramin da iska ke fitowa, yanzu tana ƙara da hayaƙi kamar bindigar toka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hasbiya biyu da suka tashi da rauni a makon nan, don haka na ajiye ta sai na ji daga gare ku.

Wani mamba, daga Katsina:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, araha ba ta ado. Ni a ganina ka sayar da ita ka cika kuɗi ka nemi ƙirar Jamus ko da ta hannu ce, ka huta da ɓata harsashi.

Wani tsohon maharbi, daga Gusau:

Ɗana, kada ka yi saurin rabuwa da ita. Bindigar da ta taɓa samun murfin kwalba a jere, bututunta lafiyarsa lau, sai dai a nemi abin da ya sauya bayan nan. Ni inda na fara ganin kuskure shi ne turmin nan da ka kifa.

Wannan bindiga ba kamar mai albarushi ba ce. A cikinta akwai sufurin mai ƙarfi, wato nannaɗaɗɗen ƙarfen nan mai matsewa ya miƙe, da fistin mai tura iska, kuma da zarar ka ja kunama sai fistin ya ruga gaba, bindigar ta zabura baya, sannan idan fistin ya kai ƙarshe ya tsaya sai ta sake fizga gaba, duk wannan kuwa yana faruwa ne harsashin bai gama fita daga bututu ba. Saboda haka idan ka ɗora ta a kan abu mai tauri sai ta yi tsalle, kuma tsallen yau ba irin na gobe ba ne. Idan ka danne ta ma haka, tun da ba wanda zai iya maimaita ƙarfin riƙonsa daidai wa daida sau goma. Yadda muke yi shi ne ka buɗe tafin hannunka na hagu, ka ɗora katakon a kansa a wajen da nauyinta ya daidaita, gaban kunama kaɗan, ba tare da yatsunka sun kama shi ba, gindinta ya taɓa kafaɗa taɓawa kawai. Idan kana son madogara, sai ka sa buhun yashi a ƙarƙashin hannunka, hannun ya shiga tsakanin buhun da bindigar. Ka yi alama a jikin katakon domin kullum hannunka ya zauna wuri ɗaya, kuma bayan ta tashi kada ka ɗaga kai, ka ci gaba da kallon kwalin har ka ji saukar harsashi.

Ina fata kuma takardunka a cike suke, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa.

Wani makanike, daga Kano:

Baba ya yi gaskiya, amma ni man injin nan ne ya tayar mini da hankali. Malam, injin dizal ba shi da fulogi, matsa iska kawai ake yi har ta yi zafin da mai zai kama da wuta, to abin da ka mayar da bindigarka ke nan. Ƙarar da hayaƙin duk man ne ke ƙonewa, kuma tun da ba daidai yake ƙonewa ba, wani harsashin zai fita da gudu fiye da wani, shi ya sa kake ganin su sama da ƙasa. Idan aka ci gaba yana iya ƙona robar fistin ko ya karya sufurin. Kada ka ƙara ko ɗigo, ka yi ta harbi a kwali da harsashi mai ɗan nauyi har hayaƙin ya ɗauke, kuma kada ka taɓa sakin kunama babu harsashi a ciki.

Bayan haka ka ɗauki sukurdireba ka bi notinan da suka haɗa ƙarfe da katako, biyu a gefen gaba da na wajen kunama, domin girgiza tana kwance su a hankali ba ka sani ba. Ka duba notin da bututu ke juyawa a kansa: idan ka karya ta, ka riƙe bakin ka motsa hagu da dama, bai kamata ka ji wasa ba. Akwai kuma ƙaramar roba mai kama da zobe a gindin bututu. Ka rufe bindigar, ka barbaɗa ɗan gari a kan mahaɗar, ka harba. Idan garin ya tashi, iska tana zurarewa, sai an sauya robar.

Wani malamin kimiyya, daga Zariya:

Da izinin Baba, ina ganin babban mai laifin shi ne madubin, tun da mai tambaya da bakinsa ya ce daga ranar da ya ɗaura shi abin ya lalace. Fizgar gaba da Baba ya bayyana ita ce ke kashe madubin da ba don bindigar sufurin aka ƙera shi ba, har wanda ya jure bugun babbar bindiga. Tana kuma sa ƙafafun madubin su riƙa jan gindi zuwa baya a kan layin ƙarfen da suke kamawa a saman bindigar, don haka ka ja layi da fensir a bayan ƙafar baya, ka yi harbi ashirin, ka ga ko layin ya ɓace. Maganinsa ƙafafu masu ɗan ƙusar tsayarwa da ke shiga rami a bayan bindigar.

Akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Yawancin bindigogi masu karyewa bututunsu yakan ɗan kalli ƙasa, sai mutum ya yi ta murɗa saitin sama har ya ƙure, a nan kuwa ɗan sufurin da ke riƙe bututun cikin madubi ya saki, sai saitin ya riƙa yawo da kowace girgiza. Idan haka ne, ka mayar da shi tsakiya, ka yanko siririn ɓallin robar kwalbar lemo ka shimfiɗa a cikin zoben baya, ƙarƙashin madubin, kada kuma ka ƙulle da ƙarfi har ka lotsa shi.

Game da harsashi, ka nemi mai zagayayyen kai mai nauyin kimanin rabin giram, ka bar mai tsini duk da kyawun ganinsa. Ka guji marasa nauyin nan da ake tallata gudunsu, domin idan harsashi ya kusanci gudun sauti, wato kimanin mita 340 a sakan, yakan fara tangaɗi. Ka zuba su a faranti ka tsince duk wanda gindinsa ya lanƙwashe. Amma kada ka yi gyare-gyaren nan a rana ɗaya. Ka fara cire madubin, ka koma saitin ƙarfe a mita 10 da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, ka riƙa sauya abu ɗaya kana sa sabon kwali.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, ga abin da na samu bayan kwana uku. Notin gefen hagu ya kwance har ina juya shi da farce, na ɗaure shi. Hayaƙin ya ɗauke bayan harbi wajen sittin, garin da na barbaɗa kuma bai motsa ba. Da na cire madubin na riƙe ta yadda Baba ya koya mini, harbi biyar a mita 10 sun taru a wurin da murfin kwalba ya rufe su, ko da yake har yanzu idan na manta na matse katakon sai ɗaya ya fice sama. Na mayar da madubin jiya, kuma layin fensir ya shige ƙarƙashin ƙafar baya tun kafin harbi na goma sha biyar, sannan na tarar saitin sama a ƙure yake kamar yadda Malam ya faɗa. Sai dai na duba bayan bindigar ban ga ramin da ƙusar tsayarwa za ta shiga ba. Shin in sa a huda mini, ko akwai wata dabara?

Makaniken Kano:

Kada ka bari kowa ya kai mata abin huji, domin ƙarƙashin wurin nan fistin ke gudu, kuma ɗan ƙarfen da zai faɗa ciki ya isa ya yaga robarsa. Ka goge layin ƙarfen da ƙafafun da sifirit har maiƙo ya fita, sannan ka nemi ƙafar madubi mai haɗe guda ɗaya, wadda ke kama layin da noti uku ko huɗu. Kafin ka same ta, ka fita masussuka da saitin ƙarfenka, kada ka wuce taku goma sha biyar ɗin da ka saba.