Neman shawara: ƙanena na son zama matuƙin jirgi, Baba na shirin saida garka

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu sani ku taimake ni. Ƙanena ya samu BAC C bana nan Tawa, shekarunshi 19, tun yana ƙarami ba shi da magana sai ta jirgi, har na kwali yake yi ya rataye da zare a ɗakin Inna. Yanzu ya ce tuƙin jirgin sama za shi karanta, Baba kuma ya ce in abin mai yiwuwa ne zai saida garkar albasa da ƴan shanun da sunka rage muna. Ni wallahi gabana faɗuwa yake, garkar nan ita ke ci da gida. Wani ya ce muna akwai EAMAC a Yamai, can aka koyarwa? Shekara nawa aka yi, kuma ta ina aka farawa?

Ɗan Yamai: Wa alaikumus salam. EAMAC lakkwal ce ta ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin ƙasashen Afirka da dama, amma ba ta koyar da tuƙi. Masu ba jirage umarni daga hasumiya take horarwa, da masu hasashen yanayi da masu kula da na'urori, kuma da konkur aka shiga. Aiki ne mai daraja, kar ku raina shi, mai BAC C na iya gwadawa.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi: Ɗiyata, bari in yi miki dalla dalla don kar a ruɗe ku. Farko akwai lasin na PPL, awa 40 zuwa 45 a sama cikin ƙaramin jirgi, wannan ba a cin abinci da shi. Sannan CPL, shi ne na aiki, yana son wajen awa 200, ko 150 in a lakkwal guda ya yi karatun a jere, kuma cikin haka zai koyi tashi da dare da tuƙi da na'ura kawai lokacin da ba a ganin komi, kamar ranar da hazo ya rufe Yamai, da jirgi mai inji biyu, ga jarrabawar takarda masu yawa kan yanayi da dokokin sama da lissafin hanya da na mai. In komi ya tafi daidai wata 18 zuwa shekara 2, in kuɗi na yankewa ko jiragen lakkwal sun lalace sai ka ga an shekara 3 ko 4. Bayan nan kowane babban jirgi da nashi horo daban, Boeing 737 daban Airbus daban. To ko ya gama duk wannan mataimaki ne, kujerar dama. Cikakken lasin na ATPL da aka zama kwamanda da shi sai ya tara awa 1500 kuma ya kai shekara 21, wannan shekaru ne na aiki. Abin da ya fi ba ni tausai shi ne yaro ya dawo da lasin da awa 200 yana zaune gida yana jiran kampani, lasin kuma na son sabuntawa da kuɗi. A Turai karatun kan kai miliyan 40 na sefa ko fiye, ki auna da kuɗin garka.

Hajiya ta Bukoki: Ni dai magana ɗaya gare ni, kar Baba ya saida ko akuya sai an yi gwajin likita na klas 1. Ɗan yayata sai da munka tura kuɗin rijista wata lakkwal a waje sannan likita ya buɗe mishi wani littafi mai ɗige ɗigen launi ya ce karanta lambar da ke ciki, yaro ya kasa rarrabe ja da kore, shi kanshi bai taɓa sani ba. Uwar ta yi kuka ranar, kuɗin ma rabi munka samu. Sa luneti ba lallai ya hana ba, amma ana duba zuciya da kunne da suga. Ku je ANAC, hukumar da ke kula da sha'anin jiragen sama a Nijar, ku tambayi likitocin da sunka amince da su, ku kuma tambaya ko suna karɓar lasin lakkwal ɗin da kuke so.

Malamin lise: Ingilishi fa! Sai ya ci mataki na 4 a gwajin Ingilishi bisa ma'aunin ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ya fara tun yau. Zariya na da makarantar jirage tun 1964, ita ta fi kusa da ku, akwai Habasha da Afirka ta Kudu. Ya sa ido kan konkur na sojan sama kuma, nan gwamnati ke biya, sai dai soja za shi zama da gaske.

Mai tambaya: Allah shi saka muku da alheri, na karanta ma Baba duka ya yi shiru ya ce garka ta dakata tukun. Ran Litinin in sha Allah ni da yaron za mu hau bis zuwa Yamai. Hajiya dan Allah gwajin nan rana guda aka gama shi ko sai mun kwana biyu? Don in san abin da zan ce ma Inna.