Mai Bincike a Garin da Kowa Ya San Kowa

Mushe Habu, Tawa

Salamu alaikum 'yan fada. Yau littafin sabon marubucin nan namu na Adar za mu sa a gaba, wanda shi ne na farkonsa. Labarin wani tsoho ne mai rubuta wa mutane wasiƙa a ƙaramin gari, da aka biya shi ya gano wanda ya kashe dillalin albasa. Doka tana nan yadda take: mai ra'ayi ya zo da baiti. Wanda bai kai ƙarshen littafin ba ya yi haƙuri, za a tona.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
In yi yabo ga sabon malami,
Ya zuba zance ba wani tsami,
Littafin farko, amma da tsari.

Dillalin albasa ne ya kwana
Cikin rudu, rumbun albasa, ba rai, da rana
Aka gan shi, aka daina magana,
Shiru ya sauka a duk gari.

Matarsa ta kwance 'yan kunnenta,
Ta kai kasuwar Lahadi da kanta,
Jika 30 ta ƙulle a zanenta,
Ta ce wa tsoho: tono min asiri.

Na zargi ɗan kamasho da maƙwabci,
Na koma na ɗora wa mahauci,
Duk ya kayar da ni, wannan marubuci,
Na miƙa mai takobi ba inkari.

Baba Ajidan, tsohon jandarma

Mushe, ko a filin kokowa sai an gama karawa ake miƙa takobi. Saurara.

Mushe, ka yi garaje wurin kyauta,
Ni na sa kaki har na aje na huta,
Kisan kai ba a kai shi ga mai rubuta
Wasiƙa, jandarma ake gaya wa.

Maigari ke fara jin labari,
Ya tashi manzo tun da fari,
Mu zo mu duba, mu rubuta bisa tsari,
Takarda gaban zuzu, alƙali, take tsayawa.

Mu da doka ta ba mu izini,
Awa 48 ne, ɗana, ka ji ni,
Muke riƙe mutum a cikin gini,
Ƙari kuwa sai an nemi amincewa.

Shi ko tsohonku, ba kaki ba hula,
Ya kulle yaro kwana 2 ba fitila,
Marubucin ko a jikinsa, ba ya kula
Cewa wannan laifi ne abin ɗaurewa.

Sannan gawa, cikin zafin bazara,
Kwana 3 ba wanka ba sutura?
A Adar kafin la'asar an ɗau makara,
An dawo gida ana ta gaisuwa.

Hajiya Rabi

Ajidan ya bar guda ɗaya. Ta mata ce, shi ya sa idonsa bai kai ba.

Ɗana mai littafi, matso in tambaye ka,
Wace mai takaba ka taɓa gani a garinka,

Mijinta ko bakwai ba a yi ba,
Ta ratsa kasuwa tana cinikin jika?

Wata 4 da kwana 10 take zaune,
Sai dai ta aiki ƙane, ko ɗan ɗaki irinka.

Amma hirar mata a bakin rijiya,
Nan kam ka iya, Allah shi yi wa innarka albarka.

Alhaji Mamman, Galmi

Ni ban san doka ba, jikana ne ma ya karanta mini bayan isha'i. Amma an taɓo sana'ata, dole in tanka.

Ni dai abin da na sani albasa,
Nan kam yaron ba ya wasa.

Ya san ana cire ta a Maris da Afrilu,
Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa.

Mai hali ya zuba a rudu ya jira damina,
Kuɗin buhu ya ninka, ya kwashi ribarsa.

Mai bashi ko tun tana gona ya sayar,
Dillali ya ba shi kuɗin taki, ya riƙe wuyansa.

Motoci su ɗauka sai Akara da Abijan,
Manomi na kallo, ƙura kawai ce tasa.

In ka ji an kashe dillali cikin rudu,
Kar ka je neman dalili can nesa.

Zali, ɗaliba a jami'ar Tawa

Baba, Inna, Alhaji, a yi mini afuwa in sa baki cikin zancen manya. Ni a ganina duk muna kallon gefen tabarma, ba mu kalli wanda ke zaune a kai ba.

Baba, gyaranka na karɓa da hannu biyu,
Na Inna ma haka, ba musu, gaskiya.

Sana'ar bincike a birni aka haife ta,
Inda maƙwabci ke baƙon maƙwabciya.

Vidok, tsohon fursuna, ya buɗe ofis a Paris
A 1833, bincike ya zama abin biya.

Pinkerton ya bi sahu a Shikago,
Wajen 1850, can Amurka mai nisan tafiya.

Can mai laifi ɓacewa yake cikin taro,
Aikin mai bincike ya zaƙulo shi a tsakiya.

Nan ko ina za ka ɓace? Mai shayi ya gan ka,
Ɗan kabu-kabu ya kai ka, ta gan ka mai tuya.

Ku koma babi na 4 ku sake dubawa,
Garin duka ya san wa ya yi tun da safiya.

Liman ya sani, maigari ya sani,
Matar ma ta sani, tana ta haɗiya.

Don mai laifin ɗan gida ne, surukin wane,
In ka tona shi ka kwance tsintsiya.

Abin da ta saya da jika 30 ɗin nan
Baki ne, wanda zai faɗa ba kunya.

Shi ya sa aka zaɓi mai rubuta wasiƙa,
Ya saba ɗaukar maganar wani ya kai ta Libiya.

Ya san wa ke bin wa, wa ya aiko daga kurmi,
Wa ya ci kuɗin gini ya lulluɓe da ƙarya.

Duk tambayoyin da yake yi gida gida,
Amsa na aljihunsa, mai shaida yake biɗa a ɓoye da dariya.

Baba, ku da kaki in kun shigo gari,
Kowa ya zama kurma, har mai guɗa da zabiya.

Sani mai kanti

Haba Zali! Ni da nake babi na 2.

Na rufe kanti da wuri don in ƙarasa,
Kin tona min tukunya tun ba ta tafasa.

Baba Ajidan

Sani, an yi gargaɗi tun a sama. Ɗiyata, zo nan.

Ɗiyata, haka ne, mun sha gani,
A kawo fura, a ce sannu da rani,
Ka yi tambaya, a ce Allah masani,
Ka koma da takarda ba cikawa.

Amma ƙarshen ya tsaya min a wuya,
A zauren maigari aka yanke diyya,
Aka ce mai laifi ya kama hanya,
Ya tafi cirani ba dawowa.

Sulhun sarki na gona ne da aure,
Da ɓarnar akuyar da ba ta ɗaure,
Jini ba a gama shi a zaure,
Kotu ce ke da ikon yankewa.

Isa, daga Abijan

Gaisuwa ga iyaye da yayye. Ƙanena ya aiko mini da littafin ta hannun direba, na ji daɗinsa har sai da na zo wurin da Baba ya ambata. Nan raina ya ɓaci.

Baba, ni ma nan littafin ya ɓata mini,
Wa ya ce masa gidan kaso ne cirani?

Mu da muke barin Adar bayan girbi,
Don gero ba ya kai mu ƙarshen rani,

Muna dako, muna talla a Ajame,
Mu aika a sai buhu, a ɗora gini,

Uwa na ƙirga wata tana jiran waya,
Shi ko ya jera mu da mai zub da jini.

In zai sake rubutu ya zo tasha ya zauna,
Ya tambayi masu tafiya, ya samu bayani.

Mushe Habu

Isa ƙanena, sassauta fushi,
Bai ce hukuncin zauren ya yi ƙamshi
Ba, tsohon ma ya fito yana nishi,
Abin da kan faru ya zana a gari.

Gawa da takaba ya gyara gaba,
Wanda bai fara ba ai bai iya ba,
Ni dai har yau ban janye ba,
Ɗan fari ne, a yi masa uzuri.

Hajiya Rabi

Uzuri an yi masa, Mushe. Amma tun ɗazu nake sauraro.

Kun yi ta zancen zaure ku maza,
Ba wanda ya tuna wadda ta biya jika.

Ta sai da 'yan kunne don a faɗi suna,
Ranar faɗi aka bar ta a ɗaka.

Diyyar ma wan miji ya karɓa ya ƙirga,
Ita ko labari ta ji a bakin mai daka.

Ɗana mai littafi, saura babi guda,
Ka shiga ka gaishe ta, ka ji me za ta ce maka.