Yanar ido: a yi wa Baba aiki yanzu ko a jira ta nuna?

Maman Khalil: Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 71, yana da ciwon suga. Likita ya ce yanar ido ta kama idonsa biyu, za a fara da na dama. Baba kuwa ya kafe wai sai ta nuna. Don Allah wanda aka taɓa yi wa nasa mai suga ya faɗa min yadda ta kaya.

Abu Sadik: Ki fara gwada masa maganin ɗigawa, Hajiya.

Anti Nas: Malam, babu ɗigon da ke wanke yana. Madubin cikin ido ne ya yi hazo, sai an cire shi an sa na roba. Kashe zafin idon ake yi, mutum na farke, galibi bai wuce minti 30 ba, ranar zai koma gida. Jiran ta nuna tsohon zance ne, idan ta yi tauri ma aikin ya fi wuya. A daidaita sugansa tukuna.

Ɗan Inna: Haka aka ce mana. An yi wa Inna, kwana uku ido ya yi jawur, tana riƙe da kai tana kuka cikin dare. Na kira, aka ce mu jira ranar dawowa. Ko da muka je ƙwayar cuta ta cinye idon. Har yau da hannu take laluben ƙofar ɗakinta.

Maman Khalil: Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya, Yaya. Jikina ya yi sanyi.

Anti Nas: Sannu, ɗan'uwa. Zafi mai tsanani, ja, ko gani ya ragu bayan aiki, a ranar ake komawa. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba.

Ɗan Inna: Ku ma'aikatan asibiti kullum "ba kasafai ba". A kanmu ya faru.

Malam Habu: To wanda ya karanta za a bi ko wanda ya ji jiki? Ni kuɗin ɗigon bayan aiki ne ya kusa kayar da ni, mako huɗu ina saye.

Abu Sadik: Mu a cikin kuɗin aikin aka haɗa mana shi.

Baban Yara: Kakanmu da aka cire masa bandeji, ya dubi kakarmu ya ce, ashe kin tsufa haka! 😂

Malam Habu: Abin da ke ci min rai, ba sa bayani. Bayan shekara biyu hazo ya dawo min, na zaci yanar ce, na kwana ba barci. Ashe fatar da ke riƙe madubin ce ta dushe, da hasken na'urar leza aka buɗe ta cikin 'yan mintuna. Ba wanda ya taɓa gaya min.

Ɗan Inna: Bayani? Mu takardar sallama aka miƙo mana ko kallonmu ba a yi ba.

Maman Khalil: Anti, sugan ya sauka zuwa nawa kafin su yarda su yi?