Neman kalma: me za mu kira "docent" na gidan tarihi?

'Yar Fagge: Assalamu alaikum. Malamai a taimaka mini, gobe da azahar zan tura rahotona na rediyo, minti 6, amma kalma ɗaya ta tsaya mini a maƙoshi. Ina karatu a jihar Minesota ta Amurka, hutun nan na zaga gidajen tarihin ƙananan garuruwa. A Northfield, gari mai mutane wajen 20,000, sun adana tsohon bankin da Jesse James da 'yan fashinsa suka kai wa hari ranar 7 ga Satumba 1876. Wata dattijuwa ce ta tarbe mu. Ta nuna mana inda Joseph Lee Heywood, mai riƙe da kuɗin bankin a ranar, ya ƙi buɗe musu akwatin ƙarfe har suka harbe shi, da titin da mutanen gari suka kashe biyu daga cikin 'yan fashin. Malamar firamare ce da ta yi ritaya, 'yar garin, kuma ko sisi ba a biyanta. Irinta suke kira docent. Ina son kalmar da za ta ɗauki ukun nan: ta san tarihin, tana koyar da shi, kuma don son garinta take yi.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Jagora mana. Jagorar gidan tarihi.

'Yar Fagge: Na yi tunaninta, Yaya. Amma jagora hanya yake nuna maka. Gidan nan ɗakuna kaɗan ne, ba mai ɓata. Bakinta muka je saurare.

Uwar Marayu: To 'yar sa-kai, tunda ba a biyanta.

Bakatsine: Hajiya, a yau in an ce 'yan sa-kai a rediyo, mutumin Batsari ko Zurmi bindiga zai gani a ransa. Ga shi kuma labarin na 'yan fashi ne. Sai a ɗauka tsohuwar tana cikin waɗanda suka yi harbin.

Malamin Nahawu: Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta mai koyarwa. Tunda aikin bayyanawa ne, ƙa'ida ta riga ta ba mu: rubuta, marubuci, karanta, makaranci, bayyana, mabayyani. Mace mabayyaniya, jam'i mabayyana. Na daɗe ina amfani da ita a aji. Ɗiyata, ki sa ta a rahoton, daga bakinki za ta bazu.

Ɗan Damagaram: Mu nan in ka je muze ta Yamai, wato gidan tarihinmu, wadda aka buɗe a 1959, gid muke ce ma mai zagawa da kai. Kowa ya gane.

Malamin Nahawu: Wannan Faransanci ne, ba Hausa ba. Muna neman fita daga bakin Bature ɗaya za ka kai mu bakin wani.

Ɗan Damagaram: Allah shi gafarta Malam, ku da kuke cewa mota, tebur, firamare, ritaya? In aron Ingilishi ne sai ya zama Hausa, in namu ne sai a ce gurɓata. Kullum haka kuke yi mana, kamar Hausa a Kano aka yanke mata cibi.

Bakatsine: Nan kam ina bayanka. Ko mu Katsinawa in muka ce "shina" sai a ce mu gyara.

Malamin Nahawu: Ba raini ba ne. Daidaitacciyar Hausa ai sai an tsaya kan karin wani wuri, kuma kan na Kano aka tsaya. Ba ni na zaɓa ba. Mabayyani dai ba ta kowa ba ce, daga jikin harshen ta fito, Bazazzagi da Ba'adare duk za su iya warware ta.

Tsohon Mai Labarai: Ku dakata, yarinya na da aiki gobe. Malam, ginin kalmarka ba aibi. Amma na yi shekaru ina karanta labarai, kuma mai sauraro sau ɗaya yake jin kalma, yana tuƙi ko yana awo a kasuwa. In ya tsaya warware mabayyaniya, jimla biyu sun wuce shi. 'Yar Fagge, gaya mana, duk wuraren da kika je iri ɗaya suke yi?

'Yar Fagge: A'a Baba, kuma abin da ya fi damuna ke nan. A New Ulm, garin da Jamusawa suka kafa a 1854, gidan tarihin yana cikin tsohon gidan waya na 1910. Akwai sashe guda kan yaƙin 1862, lokacin da mutanen Dakota, 'yan asalin ƙasar, suka kai wa garin hari sau biyu a watan Agusta. Dattijon da ya zaga da mu jikan jikan waɗanda suka kare garin ne. Bai ɓoye cewa an ƙwace wa Dakota ƙasa ba, an jinkirta kuɗin da gwamnati ta yi musu alkawari har yunwa ta kama su. Amma da ya zo kan gidajen da aka ƙone muryarsa ta sauya. Ba nisa daga nan, a Mankato, aka rataye mutum 38 na Dakota ranar 26 ga Disamba 1862. Na tabbata da jikarsu ce ta tsaya gabana, wani wurin muryarta za ta karye. Shi ya sa nake jin mutanen nan ba allon bayani ba ne, kowa da inda ya gaji labarinsa.

Uwar Marayu: To ai kin faɗi kalmar da kanki. Marawaici. Ya karɓa daga na gaba, yana miƙawa, kuma an san akwai wata ruwayar.

Tsohon Mai Labarai: Wallahi ta yi kyau, Hajiya. Ta fi duk abin da aka kawo kusa da abin da yarinyar ta gani.

Malamin Nahawu: Ban yarda ba. Marawaici na hadisi ne. A ɗauki kalmar da ake kiran su Abu Huraira da ita a ɗora wa mai nuna tsohon banki? Za a kira gidan rediyon a yi ƙorafi, kuma da gaskiyar masu kiran.

Uwar Marayu: Malam, ai ana cewa "a wata ruwayar" ko a tarihin sarakuna.

Malamin Nahawu: Ruwaya daban, marawaici daban. Ta farko ta fita gari, ta biyun tana zaure har yanzu.

Bakatsine: Wai a Gidan Makama me ake ce wa masu zagawa da 'yan makaranta?

'Yar Fagge: Mu dai da aka kai mu muna yara, "mai bayani" muka ce.

Tsohon Mai Labarai: To ki tsaya nan. Farkon ambato ki ce "mai bayanin gidan tarihi, wadda ke yi don son garinta ba don albashi ba". Bayan haka mai bayani kawai. In kin zo New Ulm ki ce "a ruwayarsa", kin ɗauki abin da Hajiya ta hango ba ki taɓa abin da Malam ke karewa ba.

'Yar Fagge: Na gode Baba, haka zan yi. Koyarwar ce dai ba ta fito ba, amma zan ce tsohuwar malama ce.

Ɗan Damagaram: Mu ma za mu gane wannan. A turo mana in an watsa.

Malamin Nahawu: Mai bayani ba kalma ba ce, kwatance ne, kuma ko ɗan sanda a bakin titi mai bayani ne. Na bari saboda lokaci. In za ki rubuta shi a takarda daga baya, ki sa mabayyaniya ko sau ɗaya ne.