Abin da majalisa ta ce kan labarin ɓarayi na shirin Inside No. 9

Daren Asabar a Gusau, gefen teburin mai shayi, hira ta koma kan Inside No. 9, shirin BBC da aka fara a 2014, mai haɗa dariya da tsoro. Kashi na biyu na zangon farko aka tattauna: ɓarayi biyu sun shiga gida satar zanen hoto, kusan babu mai magana har ƙarshe.

Shawarar da aka fi nanatawa: ka ajiye waya, don labarin a ido yake, ƙiftawa ɗaya ka rasa zaren. Kada kuma ka bari wani ya tona maka ƙarshensa. Wani malami ya ce a jira yara su yi barci, akwai kisa. Ɗaya ya ce raha kan gawa ba ta yi masa ba, na kuwa ga gaskiyarsa, ko da yake ni na yi dariya.