Me zan shimfiɗa wa dokin Baba kafin ruwa ya sauka?

Mai Akawal, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya hana ni sukuni. Dokin na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa, akawal ne, wato baƙin doki, shi yake hawa duk sallah tun ina sakandare. Da aka zo rabon gado yayana ya ce a kai shi kasuwa a raba kuɗin, na ce ba a gabana ba. Aka yi masa kuɗi aka cire daga rabona. Har yau akwai ƙanwarmu da gaisuwarta iyakarta baki, wai na bar fili na ɗauki abin da ke cin dawa. Wannan daban. Na ɗauko shi daga gidan gado na kawo gidana, na ware masa ɗaki ta baya, na rufa kwano, na zuba siminti a ƙasa domin uwargida ta ce ba za ta zauna da zarnin fitsari ba, ga yara ƙanana. A kan simintin nake zuba garin katako da nake karɓowa wurin wani kafinta. Yanzu dokin tari yake, musamman da asuba. Na daina ganin ya kwanta. Gashin gwiwarsa ta baya ya soma zubewa, kuma in na ɗaga kofaton hagu akwai wani baƙin abu mai wari a tsagin tsakiya. Wasu sun ce buntun shinkafa, wasu yashi, wani ya ce tabarmar roba. Me zan shimfiɗa masa?

Kawu Mai Turke, Argungu:
Wa alaikumus salam. Allah shi gafarta ma tsohonka. Yaro, wa ya ce maka ana ɗaure doki bisa siminti? Tun da munka tashi, barga ƙasa ce da yashin gulbi. Fitsari shi nutse, da safe a kwashe kashi, a kwashe inda ya jiƙe, a zuba busasshe. Shi ke nan. Ka nemo mai diga shi fasa wanga daɓe, ka zuba yashi har shi rufe idon sawunka. Duk abin da ka lissafa, tari da rashin kwanciya da kofato, siminti ya kawo su. Na riƙe linzami tun ba a haife ka ba.

Mai Akawal:
Kawu na gode, amma fasa daɓen ba zai yiwu ba. Kuɗi na kashe ba kaɗan ba, kuma da sharaɗin simintin aka yarda dokin ya shigo gidan. Sannan a gidan Baba ƙasa ce, kuma na ga yadda wurin yake komawa taɓo duk watan Agusta.

Na Fadama, Jega:
Buntu za ka nema, ɗan uwa. Ba ya da ƙura kamar garin katako, ba ya dunƙulewa, doki ba ya damuwa da cinsa. Amma ka tabbata buntu ne zalla, ba wanda ya haɗu da dusar shinkafa ba, don in da dusa zai wuni yana kiwon shimfiɗarsa. Abin da ke ba ni haushi shi ne, da can masu injin casa roƙonka suke ka kwashe, wani wurin ma wuta ake sa masa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015 noma ya ƙaru, ka ce buntu zai yi arha, ina! Manyan kamfanoni da shi suke hura tukunyar turara shinkafa, masu kaji kuma sun tare ƙananan injina. Wani mai inji da muka yi shekaru muna gaisawa, rannan sai da ya ƙirga mini buhu ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayar da gero.

Ɗalibin likitan dabbobi, Sakkwato:
Yallaɓai, akwai abin da ba ka faɗa ba. Girman ɗakin nawa? Daɓen yana da gangara da hanyar fitar ruwa? Akwai taga? Sau nawa ake kwashe jiƙaƙƙen? Baƙin abin nan mai wari a tsagin kofato alamar ruɓewa ce da ke kama dokin da yake tsayawa cikin fitsari da kashi. A riƙa sakace tsagin kullum ana wankewa, a bar shi ya bushe, amma in ƙasan bai bushe ba dawowa zai yi ko wane magani aka sa. Tarin kuma, garin katako mai laushi ƙura ne, ga iskar da ke tashi daga fitsarin da ya kwana, wadda ke sa ido yaji. Doki, da yake hancinsa na kusa da ƙasa, ya fi ka shaƙarta. In katako za ka ci gaba da shi, nemi manyan askin da injin goge katako ke fitarwa, ba garin zarto ba, kuma ka tace shi da hannu: sharar kafinta ba ta rasa ƙusa, ƙusa a kofato kuma hanyar cutar tetanus ce mai sandarar da jiki, wadda doki ba ya jure mata. Doki yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta, kuma ba zai kwanta a wuri mai tauri da santsi ba. Yashi yana da daɗin kwanciya, sai dai in yana tsintar abinci a kansa yana haɗiye shi, ya taru a hanji ya kawo ciwon ciki mai tsanani. Tarin dai a kai shi likita ya saurari ƙirjinsa.

Kawu Mai Turke:
Ɗalibi, wanda ka zubar da harawa ƙasa shi ka samun wagga matsala. Ana sa komi, ko rabin duro, a ɗaga shi. Dawakin da anka yi hawan sallah da su shekara da shekaru a Gwandu da Argungu bisa mi sunka kwana? Katifa? Ku kun karanta, mu mun yi.

Ɗalibin likitan dabbobi:
Kawu ban ce yashi haramun ba ne. Cewa na yi da sharaɗi. Kuma yashi a kan siminti bai da inda fitsarin zai nutse.

Kawu Mai Turke:
To ai shi ya sa na ce a fasa.

Maman Yara, Gusau:
Ni dai ina bayan uwargidanka. Maƙwabcinmu yana da dawaki biyu, katanga ɗaya ta raba mu, da damina ko abinci ba ma iya ci a tsakar gida saboda ƙuda da zarni. An yi magana, an kai wa mai unguwa, sai a ce ai dokin gado ne. Ku maza kuna hawa rana biyu a shekara ana ɗaukar ku hoto, mata ne ke shan warin sauran kwanakin. Kada ka fasa komai, ka ƙara wanke wurin kawai.

Sarkin Zagi, Yauri:
Babu wanda ya ambaci karan shinkafa. Bayan girbi ga shi nan a fadama, yana da taushi, in ya haɗu da kashin doki taki ne mai kyau, masu lambu har saye suke. Amma gaskiya ko zinariya ka shimfiɗa, in yaron doki malalaci ne a banza. Nawa sai ya zuba sabo a kan tsoho ya rufe, ka shigo ka ga fes, ka sa ƙafa ka ji tana nutsewa. Na sallame shi, uwarsa ta zo har gida da kuka, na mayar da shi, yau ma da shi muka kwana.

Ɗalibin likitan dabbobi:
Kara yana yi in busasshe ne sarai. Wanda ruwa ya taɓa yana yin fumfuna, kuma ga doki mai tari wannan ya fi garin katako muni. Wani dokin ma cinye shi yake har ciki ya toshe. Yallaɓai, har yanzu ba ka amsa maganar gangara da taga ba.

Mai Akawal:
Daɓen a miƙe yake, haka magini ya yi shi, kuma aikinsa mai kyau ne. Taga akwai ƙarama ta sama. Ƙofa dole in rufe da dare, kowa ya san halin da ake ciki da ɓarayin dabbobi. Kwashewa kuma ina yi duk ƙarshen mako, ni ma'aikaci ne, ba ni da yaro. Tarin nan ma ban yarda daga katako ba ne, tun Baba na da rai yakan yi shi lokacin hunturu.

Na Fadama:
Ƙarshen mako? Ɗan uwa, doki yakan yi kashi sau takwas ko fiye a yini. In haka ne buntu ma ba zai cece ka ba, don ba ya shan ruwa sosai, fitsarin ƙasa zai gangara ya kwanta a kan simintin.

Sarkin Zagi:
In ya fi ƙarfinka akwai mai neman akawal a nan, ka yi min magana.

Mai Akawal:
Ba na sayarwa ba ne. Na Fadama, nawa buhun buntu yake yanzu a Jega, kuma buhu nawa zai ishi ɗaki ɗaya? Tabarmar robar kuma babu wanda ya ce komai a kanta.

Kawu Mai Turke:
Buntu bisa siminti. To, Allah shi ba doki haƙuri.